Wuya Ya Riƙe Bayan Hatsari a Legas: Kemis, Asibiti, Kairofrakta ko Mai Ɗori?

A gosulon Ojota abin ya same ni, ina kujerar baya a danfo zan tafi Mile 12. Direbanmu ya taka birki, na bayanmu bai taka ba. Ji na yi an hankaɗa ni, kaina ya yi baya ya dawo gaba, hulata ta faɗa cinyar wata mata. Aka fito aka yi ta hayaniya da Yarbanci, aka duba bayan mota, kowa ya shafa jikinsa ya ga babu jini, muka ce Allah ya kiyaye gaba. Na wuni kasuwa ina cinikin albasa lafiya lau. Sai da asuba, da na zo sallame sallah, na nemi juya kai dama, wuyan ya ce bai san zancen ba. Da kafaɗa gaba ɗaya na juya.

Kafin azahar na tara shawara huɗu. Maigidana ya ce, "Targaɗe ne, je Agege wurin mai ɗori, ja ɗaya zai yi maka." Ɗan yayata ya miƙo mini waya, ga wani Bature ya kama kan mutum ya murɗa, ƙas! "Kawu, kairofrakta ake ce musu, akwai su a nan Legas." Mai kemis na layinmu har ya fara ƙirga mini ƙwayoyi a leda. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya kuwa cewa ta yi kada na bari kowa ya taɓa wuyan sai likita ya gani. Wanda ya tsinci kansa a tsakiyar irin waɗannan bakuna, shi nake wa wannan rubutu.

Abin da ya faru a wuyan

Ƙashin wuya guda 7 ne a jere, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, sama kuma ga kai mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Idan aka daki mota ta baya, kujera ce ke tura gangar jiki gaba, kai ya tsaya a baya, sannan ya fizgo. Cikin ƙiftawar ido tsoka da jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan sun miƙe fiye da ƙima. Turawa sun raɗa wa ciwon sunan kaɗawar bulala, mu ce masa fizgar wuya. Danfo kuwa kamar don wannan ciwo aka ƙera ta: benci ne na ƙarfe da katako, babu majinginar kai, babu bel.

Ciwon yakan yi jinkirin sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa mutum ke cewa ai ni ban ji komai ba a wurin. A 1995 wani kwamitin masana a Kwibek ta ƙasar Kanada ya kasa shi mataki-mataki, kuma har yau da shi likitoci ke aiki. Mataki na 1, ciwo da riƙewa kawai. Na 2, likita ya ga wuyan ba ya juyawa sosai, akwai inda in an danna ake jin zafi. Na 3, abin ya taɓa jijiya, hannu ya yi sanyi ko ya rage ƙarfi. Na 4, karaya ko gocewar ƙashi. Yawancin mutane a na 1 da na 2 suke, kuma da dama suna warwarewa cikin makonni zuwa wata uku. Amma kada a raina shi: wani babban nazari da aka fitar a 2008 ya nuna kusan rabin masu ciwon suna jin ragowarsa bayan shekara guda.

Akwai alamun da in sun bayyana babu sauran zaɓi, sai asibiti a ranar: hannu ko ƙafa su mutu ko su riƙa yin kamar ana tsira allura, tafiya ta canja, fitsari ko bahaya ya ƙwace, suma, amai, gani bibbiyu, harshe ya yi nauyi, ciwon kai mai tsanani da ba a saba ba, ko zafi daidai kan ƙashin tsakiyar ƙeya. Irin wannan mutum ba a ɗaga shi zaune, ba a goya shi a okada. A kira 767 ko 112, a riƙe kansa daidai da jikinsa har a zo.

Ma'aunin da na auna su da shi

Na farko, kuma shi ne uban sauran: wanda za ka je wurinsa, yana da hanyar gane ko ƙashi ya tsage? Domin tsagewar ƙashin wuya tana iya zama mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana cin tuwo. Na biyu, in aka yi kuskure, me za a rasa. Sai kuɗi, kuma kuɗi a Legas ba abin da ka biya a kanta kaɗai ba ne, har da kuɗin mota da ranakun da ba ka fita nema ba. Sannan ɗorewar sauƙin, na yau ne kawai ko na dindindin. Na ƙarshe, sauƙin samu: nisa, layi, da ko za ka iya bayyana ciwonka da harshen da za a fahimce ka.

Kemis da jinya a gida

Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. Shi ne mafi arha, mafi kusa, kuma mai kemis ba ya da hanyar sanin abin da ke cikin wuyanka. Farasitamol yana rage zafi, babba kada ya wuce giram 4 a sa'a 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, kuma ba su dace da mai gyambon ciki ko hawan jini ba sai da izinin likita. Matsalar ita ce haɗin nan da ake zuba wa mutum a leda babu suna, sau da yawa magani iri ɗaya ne kala biyu. Tiramol kuwa a bar shi. Mun ga yadda ya yi da samarinmu a tashoshi. Ciwon wuya na wata guda bai kai a sayo jarabar shekaru ba.

Abin da gida ke iya yi da kyau: kwana biyun farko a naɗe ledar fiya wata mai sanyi a ƙyalle a ɗora minti 15, daga baya a koma tawul mai ɗumi. A ci gaba da harkoki marasa nauyi. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara ƙage wuyan take.

Asibiti da gashin ƙashi

A nan ne kawai ake amsa tambayar farko. Likitan da ya duba ni bai fara da hoto ba. Ya tambayi shekaruna, wace irin mota ce ta dake mu, na fito da ƙafata ko ɗauko ni aka yi, yaushe ciwon ya fara. Ya bi ƙashin ƙeyata da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana kallon fuskata. Sannan ya ce na juya kai dama da hagu. Daga baya na gane ƙa'ida ce yake bi, wadda likitocin Kanada suka fitar a 2001: wanda ya kai shekara 65, ko hannuwansa ke yin kamar ana tsira musu allura, ko hatsarin ya yi muni, kamar mota ta wuntsila, ko ta yi jifa da mutum waje, ko gudun ya wuce kilomita 100 a sa'a, dole a yi masa hoto. Wanda ƙaramar mota ta ɗan daka ta baya, ya fito yana tafiya, ciwon ya zo daga baya, tsakiyar ƙeya ba ta zafi, kuma yana iya juya kai digiri 45 kowane ɓangare, wato kusan rabin hanyar kallon kafaɗa, ba ya buƙatar hoto. In bas ce ko tirela ta yi dukan, ba a lissafa shi ƙarami. A garin da tankoki da kwantena ke bin bayan mutum daga Apapa zuwa Oshodi, wannan sharaɗi ya shafi da yawanmu.

Ni dai an yi mini hoto, ya fito babu komai, har na ji haushin kuɗina. Likitan ya ce hoton ƙashi ba ya nuna tsoka da jijiya, aikinsa ya tabbatar babu karaya, kuma ya tabbatar. In akwai alamar jijiya ko shakka, sai a tura mutum hoton CT ko MRI, waɗanda kuɗinsu ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa.

Wurare ba su yi ƙaranci ba. Asibitin Ƙashi na Ƙasa yana Igbobi a kan titin Ikorodu, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana Idi-Araba a ƙofar unguwar Hausawa, na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, yana Ikeja, ga manyan asibitocin jiha irin na Gbagada. Kuɗin kati da ganin likita a na gwamnati da sauƙi, mai inshorar lafiya ta jihar Legas, wato Ilera Eko, ko ta wurin aiki ya fara tambayar abin da ta ɗauke masa. Tsadarsa lokaci ne. Inda na je, wanda ba zan ambata ba, na isa kafin bakwai na safe, ban ga likita ba sai da aka kira la'asar. Wanda Turancinsa ko Burokansa bai nuna ba, ya tafi da mai fassara, domin bambancin "yana zafi" da "ya mutu" shi ne bambancin mataki na 2 da na 3.

Daga nan aka tura ni sashen gashin ƙashi, wanda aka fi sani da fisiyo. Na je da tunanin za a gasa ni da na'ura a yi mini tausa na tashi garau. An ɗan gasa, an ɗan matsa, amma jigon aikin ni aka bar wa: jawo haɓa baya kamar mai ƙin abinci, juya kai a hankali zuwa inda zafi ya fara, matse allon kafaɗu, sau da yawa a rana. Abin wuyan soso da na sayo a hanya, matar da ke yi mini gashin ta sa na cire, ta ce sawa fiye da 'yan kwanaki ragwantar da tsoka yake yi. Gaskiya atisayen yana da gundura, kuma sati na farko ban ga wani canji ba. A sati na biyar na yi sallama dama da hagu ban tuna da wuya ba. Haɗarinsa kaɗan ne, sauƙinsa a hankali yake zuwa amma yana zama, saboda abin da aka koya maka yana hannunka, ba sai ka koma ka biya ba.

Wani amfani da ba a cika tunawa ba: rahoton likita. In magana ta kai ga 'yan sanda ko kamfanin inshorar motar da ta yi dukan, takardar asibiti ake tambaya.

Kairofrakta

Wannan sana'a wani mutum mai suna D. D. Palmer ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, bisa ra'ayin cewa gocewar gaɓoɓin baya ce tushen yawancin cututtuka. Wannan ra'ayi bai tsaya a gaban bincike ba, kuma da yawa cikin masu sana'ar yau sun taƙaita ga ciwon baya, wuya da gaɓoɓi. Ba likitocin asibiti ba ne, amma na gaskiyarsu sun yi karatu na shekaru, galibi a Amurka, Ingila, Kanada ko Afirka ta Kudu. A Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 kuma take yi wa masu fisiyo rajista, ita ce ke da alhakin rajistarsu. A Legas ba su da yawa, asibitocinsu masu zaman kansu ne, kuma sun fi karkata ga unguwannin masu hali. Ka tambayi lasisi. Yanzu duk wanda ya kalli bidiyo ashirin yana iya sayen gado ya rataya allo.

Ƙarar nan da ke burge mutane a waya ba ƙashi ne ke komawa mazauninsa ba. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin ta ƙas ɗin yatsu. Mutum yakan ji sakayau bayanta, wannan gaskiya ne, kuma ga ciwon wuya na yau da gobe aikin hannu yana taimakawa, musamman in an haɗa da atisaye. Sai dai sauƙin murɗa kaɗai gajere ne, shi ya sa ake yanka wa mutum zuwa goma ko ashirin. In ka lissafa kowane zuwa da kuɗin mota daga Agege ko Alaba Rago, ka je unguwannin masu halin ka dawo, shi ne mafi tsada a cikin huɗun.

Inda na fi tsayawa shi ne haɗari. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta ramukan ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa ta baya. Bangonsu yana iya tsagewa, jini ya daskare, a samu shanyewar ɓarin jiki, har ga matashi. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma masana suna gardama kan ko murɗar ce ke jawo shi, ko kuwa mai tsagewar ne ke zuwa neman magani saboda ciwon wuyan da ta haddasa. A 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin biyun, ta kuma ce a riƙa sanar da mara lafiya kafin a murɗa masa wuya. To hatsarin mota shi kansa yana iya raunana wannan jijiya. Wuyan da aka fizga shekaranjiya, a sake fizgarsa yau da sunan magani, ni dai ban ga hikimar ba.

Amma ba duk aikinsu ne murɗa ba. Wani direban tanka abokina, wata huɗu bayan hatsarinsa, hoto ya nuna babu karaya amma waiwaye yana ba shi wahala, ya je wurin ɗaya. Mutumin ya karanta takardunsa, ya gwada ƙarfin hannuwansa, ya riƙa motsa wuyan a hankali, ya yi aiki a kan kafaɗu da tsakiyar baya, ya ba shi atisaye. Ya ji daɗi ƙwarai. In ka lura, kusan abin da mai fisiyo ke yi ne, sai dai babu layi, akwai sanyin na'ura, kuɗin kuma ya fi. Kana da ikon cewa a yi maka komai ban da murɗar wuya. Wanda ya ƙi jin haka, ko ya kwantar da kai bai tambayi yadda hatsarin ya faru ba, ko ya ce zai warkar maka da ciwon suga ta ƙashin baya, ɗauki takalminka.

Mai ɗori

Ba zan zagi masu ɗori ba, gadon gidajensu ne, kuma kowa a cikinmu ya san wanda aka ɗora wa hannu ya warke. Mai ɗori yana kusa, yana jin Hausa, ya san maigidanka, ya karɓi abin da ya sawwaƙa, wani ma ya ce ka kawo sadaka kawai. Ga addu'a da kwantar da hankali, abin da layin asibiti ba ya bayarwa. A wajen kuɗi da sauƙin samu babu mai kama ƙafarsa.

Sai dai wuya ba dantse ba ne. A dantse in an yi kuskure, ƙashi ya haɗe a karkace, ko ɗauri ya matse har hannu ya ruɓe, abin da likitocin ƙashi suka daɗe suna kuka da shi. A wuya kuwa laka ce a ciki, kuma in ta yanke ba ta ɗoruwa. Hannu da ƙafar mutum su shanye, wani lokaci har numfashi ya gagara. Yatsa, komai gwanintarsa, ba ya jin tsagewar da ke ƙarƙashin tsoka. Kuma maganin targaɗe a wurinsu ja ne da murɗa, daidai abin da bai kamata a yi wa wuyan da ba a tantance ba. Shafa man zafi da tausa mai laushi a kafaɗa bayan likita ya ce babu karaya, wannan ba laifi. Ƙaho da tsaga a ƙeya ba sa gyara jijiyar da ta miƙe, ga kuma batun aska ɗaya ga mutum da yawa. Akwai masu ɗorin da in ka ce wuya ne sai su ce fara kawo hoto. Irin waɗannan su ne suka san aikinsu.

| | Gano karaya | Haɗari | Kuɗi | Ɗorewar sauƙi | Sauƙin samu |
|---|---|---|---|---|---|
| Kemis da gida | Babu | Illar ƙwayoyi, ɓoye alama | Kaɗan | Na sa'o'i | A bakin layi |
| Asibiti da fisiyo | Akwai | Kaɗan | Matsakaici, hoto na iya tsada | Mai ɗorewa in an yi atisaye | Layi da ɓata wuni |
| Kairofrakta | Sai ya nemi hoto | Kaɗan a aiki mai laushi, babba amma ba kasafai ba a murɗa | Mai yawa | Gajere in babu atisaye | Kaɗan ne, da nisa |
| Mai ɗori | Babu | Babba in akwai tsagewa | Kaɗan | Ba tabbas | A cikin unguwa |

Wa ya dace da wanne

Wanda ke da ko ɗaya daga alamun haɗarin nan, da dattijon da ya kai 65, da wanda ya faɗo daga okada ko babbar mota ta daka, asibiti kawai, yau ba gobe ba, ko da bashi za a ci.

Matashin da aka ɗan daka a gosulo, ya fito da ƙafarsa, ciwon ya zo washegari, yana iya juya kai duk da zafi: ya samu likita ko ma'aikacin lafiya ya duba shi sau ɗaya, sannan farasitamol, sanyi da ɗumi, da motsi a hankali sun ishe shi. In sujada tana wahala, ya yi sallah a zaune na 'yan kwanaki. In sati biyu suka wuce babu ci gaba, ya nemi fisiyo.

Wanda aljihunsa ya yi ƙasa, ya zuba ɗan abin da ke gare shi a ganin likita da zuwa fisiyo ko da sau biyu ne, ya roƙi a nuna masa atisayen da kyau, ya ɗauka a waya, ya ci gaba a ɗaki. Ya fi a rarraba kuɗin tsakanin kemis da mai ƙaho.

Wanda ya kwashe wata biyu ko uku, an tabbatar babu karaya babu matsalar jijiya, yana da hali kuma ba ya da wunin da zai bayar a layi, kairofrakta mai lasisi ko fisiyo mai zaman kansa duk za su yi masa, da sharaɗin aiki mai laushi da atisaye. Su yi yarjejeniya tun farko: in an yi zuwa huɗu zuwa shida babu canji, a tsaya a koma wurin likita. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda ƙashinsa ya yi rauni, da mai jiri, kada a murɗa musu wuya ko kaɗan.

Direba da ɗan okada, ma'auninsu waiwaye ne: in ba ka iya leƙa bayanka da sauri ba tare da juya kafaɗa ba, ba ka isa hawa titin Legas ba tukuna. Mai ƙaramar mota ya ɗaga majinginar kai ta yi daidai da saman kansa, ta matso kusa da ƙeya. 'Yan dakon Mile 12 kuwa, waɗanda buhu ke hawa kansu tun kafin gari ya waye, su ne abin ya fi yi wa tsauri, domin hutu a wurinsu yunwa ce. Su nemi aikin baro ko tsaron kaya na 'yan makonni, in za su koma ɗauka su fara da rabin buhu, kuma iyayen gidansu su yi haƙuri da su.